TARIHIN TSUTSAR WAKE: YADDA AKA GANE HANYARTA DA LOKACIN ZUWANTA

  Wanda yake da littafi da alƙalami a kusa, ya ɗauko. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, ya kasa kunne, ɗan uwansa ya rubuta masa.

Hirarmu ta yau tarihi ce. Mun saba jin tarihin sarakuna da na yaƙe-yaƙe. Yau kuwa za mu ji tarihin wata ƴar tsutsa, wadda tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba, amma tana iya raba manomi da rabin wakensa. Za mu ji kuma labarin mutanen da suka yi shekaru suna ƙirga uwarta kowace safiya, har suka gane inda take fitowa da lokacin da take zuwa.

Ga abin da ya kawo wannan hira. Wata rana da kaka, a wani ajin manya cikin gundumar Gazawa, muna koyon rubuta kalmar "wake". Sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, bana wakena ya yi fure har ya ba ni sha'awa. Da na je tsinka, sai na tarar kwanso duk huji, cikinsa kashin tsutsa. Ni dai na ce furen ne ke haifar ta. In ruwa ya yi yawa, fure ya ruɓe, sai ya zama tsutsa." Na ce masa: "Baba, Allah ya ja kwana, fure ba ya haihuwa. Kowace tsutsa da uwarta." Washegari na ba da labarin a ajin mata. Wata dattijuwa ta ce: "Malam, mu dai mun taso mun ji ana cewa daga sama take zuwa, tare da ruwan marka." Na ce mata: "Inna, maganarki ta fi kusa da gaskiya." To, bari mu ga dalili.

WACE CE WANNAN TSUTSA?

Masana suna kiran ta Maruca vitrata. Malaman gona sun gajarta sunan, suna cewa maruka. Uwarta tana cikin ƙwarin nan masu fukafuki da ke tashi da dare suna kewaya fitila, waɗanda muke kira faɗa-wuta. Dangin malam-buɗe-littafi ne. Fukafukanta na gaba ƙasa-ƙasa ne masu fararen tabo. Na baya fari-fari ne, bakinsu ƙasa-ƙasa. In ta buɗe su duka, faɗinsu bai kai santimita 3 ba.

Uwar ba ta cin wake. Aikinta ƙwai. Da dare take bin gona tana ajiye ƙwai a kan toho da fure. Uwa guda tana iya yin ƙwai ɗaruruwa. Bayan kwana 2 ko 3 sai ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito. Fara-fara ce, mai ɗigo-ɗigon baƙi a gadon bayanta. Tana shiga cikin fure ta ci, furen ya zube. Tana haɗa fure da ganye, ko kwanso da kwanso, da wani zare kamar saƙar gizo. In ta ƙara girma sai ta huda kwanso ta ci ƙwayar. Bayan misalin mako 2 sai ta naɗe kanta ta kwanta. Bayan misalin mako guda kuma ta fito da fukafuki, ta zama uwa. Ke nan daga ƙwai zuwa uwa, mako 3 ne zuwa 4.

Masu bincike sun auna ɓarnarta a ƙasashe da dama. Tana iya cinye kashi 20 zuwa kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Ma'ana, gonar da za ta ba da buhu 10, sai a rasa buhu 2 in abin ya zo da sauƙi. In ya yi tsanani, a rasa buhu 8.

DAGA GUJIYA ZUWA WAKE

Dattawan Agiye da Gazawa da Gidan Rumji za su gaya muku cewa a da, kuɗin manomi gujiya ce, wato gyaɗa. Ita ake biyan haraji da ita, ita ake aure da ita. A shekarar 1962 gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA don sayen gujiya, kuma Maraɗi ce babbar cibiyar cinikin. A lokacin wake ɗan rakiya ne kawai. Ana jefa shi tsakanin hatsi, a samu na ƙosai da ɗan wake, a samu harawa ta dabbobi.

Sai farin 1973 da 1974 ya zo. Kafin mutane su farfaɗo, a 1975 darɓa ta sauka a gonakin gujiya, ta yaɗa cutar nan da ke sa ganye ya murtuke, wadda ake kira kuturtar gyaɗa. A arewacin Najeriya kaɗai ta lalata kusan hekta 700,000. Nan Nijar ma ba ta bar mu ba. Daga nan gujiya ta ja baya, ba ta sake komawa matsayinta na da ba.

Wake ne ya maye gurbinta. Yana jure ƙarancin ruwa, yana gyara ƙasa, ga kuma kasuwa a Najeriya, ta hanyar Jibiya da Katsina har Dawanau ta Kano. Tashar binciken noma ta Tarna, kusa da Maraɗi, ta fitar da irin wake irin su TN 88-63 da TN 5-78. A yau, in aka cire Najeriya, babu ƙasar da ta kai Nijar noman wake a duniya.

To, da wake ya zama kuɗi, sai maƙiyansa suka zama abin kula. Abin da ake kau da kai a kansa a da, yanzu ya zama asarar kuɗin magani da na sutura da na biki.

MURZUNA CE TA FARA KOYA MANA ƘIRGA

Amma ba a kan wake aka fara ƙirgar faɗa-wuta a ƙasarmu ba. A kan hatsi aka fara.

Kowane manomi ya san murzuna, tsutsar nan da ke bin zangarniya tana kewaya ta, tana barin sawu kamar an murɗa igiya. Masana sun san da ita tun 1925, amma ba ta dami kowa ba sosai. Bayan farin 1973 da 1974 ne ta ɓarke a ƙasashen Sahel, daga Senegal har Nijar, ta riƙa cinye hatsi a gaban idon mai shi.

Wannan fari ya sa gwamnatoci suka tashi tsaye. A 1973 ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari mai suna CILSS. A 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai, don lura da ruwan sama da halin amfanin gona. A 1975 Nijar ta kafa hukumar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tashar Tarna ta koma hannunta. A shekarun da suka biyo baya aka horar da samari a ƙauyuka, waɗanda muke kira birgadiye, don su lura da ƙwari su kai labari.

A farkon shekarun 1980 masu bincike a Tarna suka duƙufa a kan murzuna. Suka kafa tarko, suka tona ƙasa, suka ƙirga, suka rubuta. Ga abin da aka gane. Murzuna ƴar gida ce. In kaka ta yi, tsutsar tana sauka daga zangarniya ta shiga ƙasa ta kwanta. Nan take barci duk tsawon rani, a ƙarƙashin gonarmu. Misalin wata guda bayan ruwan shuka sai uwar ta fito, daidai lokacin da hatsi ke fitar da kai. Sau ɗaya take haihuwa a shekara.

Sai aka yi tambaya: shin maruka ma haka take? Ita ma a gonarmu take kwana da rani?

TARKON FITILA

Kafin mu ji amsa, mu ga yadda ake ƙirgar. Kayan aikin ba su da wuyar ganewa. Ana kafa fitila mai haske a fili, a kan ƙarfe. A ƙarƙashinta akwai mazurari babba, a ƙarƙashin mazurarin akwai akwati ko keji. Da magariba a kunna fitila, da asuba a kashe. Faɗa-wuta ba ta iya ganin haske ta wuce. Sai ta zo ta yi ta kewaya, ta bugi fitila, ta faɗa mazurari, ta zarce cikin akwati.

Da safe ma'aikaci ya zo ya buɗe. Zai tarar da ƙwari iri-iri. Sai ya ware maruka gefe guda, ya ƙirga, ya rubuta kwanan wata da adadin da ya samu. In bai samu ko ɗaya ba, ya rubuta sifiri. Ku lura da wannan da kyau: sifiri ma labari ne. Ranar da babu, ita ke nuna ranar da aka fara.

Ƙirgar dare ɗaya ba ta gaya wa mutum komai. Ƙirgar wata ɗaya tana nuna kaɗan. Amma in aka jera ƙirgar shekara 2, shekara 3, shekara 5, sai hoto ya fito: ga watan da babu, ga makon da suka fara, ga makon da suka fi yawa, ga lokacin da suka ɓace.

Akwai tarko na biyu, wato tarkon ƙamshi. Macen maruka tana fitar da wani ƙamshi da ke kiran namiji daga nesa. A farkon shekarun 2000, masu bincike daga Ingila tare da na cibiyar IITA da ke Benin suka haɗa irin wannan ƙamshi suka zuba a ɗan guntun roba. Ana rataya robar a cikin jarka mai cin lita 5, a yanke mata tagogi, a zuba ruwa da ɗan sabulu a ƙasa, a kafa ta daidai tsayin ƙirjin mutum. Namiji ya biyo ƙamshi ya faɗa ruwa. Wannan tarko ya yi aiki a Benin, amma a wasu wurare na arewa bai kama sosai ba. Shi ya sa a yankinmu aka fi dogara da fitila da kuma duba fure da hannu.

ABIN DA LITTATTAFAN ƘIRGA SUKA NUNA

A farkon shekarun 1990 ma'aikatan IITA, cibiyar binciken noma mai hedkwata a Ibadan, suka kafa tarkon fitila a ƙasar Kano. A 1997 suka buga sakamakon. Da damana tarko yana kama maruka. Da rani ba ya kamawa. Suka ce alamu sun nuna daga kudu take tahowa kowace shekara.

A kudancin Benin kuma, wasu masu bincike suka bi bakin rafuka da kurmi da rani. Can suka same ta tana zaune lafiya. Ba a gonar wake ba, a kan furen itatuwan daji dangin wake, irin su gunduru, wanda wasu ke kira gyaɗar kurmi, da talaki. In wannan itace ya gama fure, wancan ya fara. Saboda haka a kudu ba ta rasa abinci duk shekara.

A Burkina Faso, Malick Ba da abokan aikinsa suka kafa tarko a wurare 3: ɗaya a kudu wajen Bobo Julaso, ɗaya a tsakiya kusa da Wagadugu, ɗaya can arewa. A 2009 suka fitar da rahoto. A kudu ana samun ta har da rani. A arewa kuwa sai damana ta yi nisa take bayyana, ta yi ɗan lokaci ta ɓace.

Nan gida ma an yi aikin. A tashar INRAN ta Maraɗi, Ibrahim Baoua da abokan aikinsa sun kunna fitila sun ƙirga. Abin da suka gani ya dace da na Kano da na arewacin Burkina: maruka tana bayyana a tsakiyar damana, daga wajen watan Agusta, ta kai Oktoba, sa'an nan ta ɗauke. Sun kuma bi ciyayi da itatuwan da ke kewaye da gonakin wake, a kudancin Nijar da arewacin Najeriya. Rahotanninsu na 2010 da 2011 sun nuna cewa tsiron dajin da take ci a nan kaɗan ne. Ɗaya daga cikinsu wani irin zamarke ne da ke fitowa da damana.

Da aka haɗa waɗannan littattafai wuri ɗaya, sai amsa ta fito. Maruka ba ta barci a ƙasa kamar murzuna. Ba ta iya jure ranin Sahel. In iskar hunturu ta taso, fure ya ƙare, ba ta da wurin zama a nan. Baƙuwa ce. Kowace shekara, in iskar damana ta taso daga kudu maso yamma tana koro hadari, sai ta biyo ta. Ba a dare ɗaya take isowa ba. Zango-zango take yi: ta sauka inda wake ya yi fure, ta haihu, ƴaƴanta su tashi su ƙara gaba, har jikokinta su iso Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba.

Kun ga ashe Inna ba ta yi nisa da gaskiya ba. Ba ruwan ne ke zubo ta ba, amma iskar da ke kawo ruwan ita ke kawo ta.

ME YA SA BANA BA TA KAMA DA BARA?

Manomi zai ce: "Bara ban ga tsutsa ba, bana ta cinye ni. Me ya bambanta?" Dalilai suna da yawa, ga kaɗan.

Na ɗaya, yawan waɗanda suka taso daga kudu, da lokacin da suka iso. Na biyu, laima. Maruka tana son iska mai laima. In marka ta zauna, tana jin daɗi. In aka yi ɗauke-ɗauken ruwa da zafin rana, ba ta yaɗuwa sosai. Na uku, lokacin fure. Mun ce cikin mako 3 zuwa 4 ƙwai ke zama uwa. Ke nan ƴan kaɗan da suka iso da farko, bayan wata guda sun zama taro. Waken da ya yi fure da wuri yakan tsere wa taron. Wanda ya makara yakan faɗa tsakiyarsa. Na huɗu, maƙiyanta. Akwai gizo-gizo da tururuwa da ƙananan zanzaro da ke kashe ta. In aka yi feshi barkatai, su ne ke fara mutuwa.

Waɗannan abubuwa suna canzawa daga shekara zuwa shekara, har daga gari zuwa gari. Gidan Rumji tana yamma da Maraɗi, Agiye da Gazawa suna gabas, a kan hanyar Tasawa. Kowa ya san ana iya shuka a Tibiri, a Gangara ba a ga ɗigo ba. Don haka tarkon da ke Maraɗi ba zai iya faɗin abin da ke cikin kowace gona ba. Yana ba da labarin gaba ɗaya. Sauran aikin na mai gona ne.

ABIN DA ƘIRGA TA HAIFAR

Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Ga wuraren bugu da ƙirga ta nuna.

Na farko, lokacin feshi. Tsutsar da ta riga ta shiga kwanso, magani ba ya isa gare ta. Wanda ya yi feshi bayan ya ga huji, ya zubar da kuɗinsa. Wanda ya yi tun wake bai yi toho ba, bai sami maruka ba, don ba ta zo ba. Lokacin bugu shi ne tsakanin toho da farkon kwanso, sa'ad da tsutsar take ƙarama. A makarantun manoma na cikin gona, malaman gona sun koyar da haɗin ƴaƴan bedi, wato dogon yaro: rabin kilo na garin ƴaƴan a cikin lita 10 ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece. Maganin kasuwa marar takarda, irin su piya-piya, a guje shi. Guba ce ga mai feshi da mai ci.

Na biyu, tarar baƙuwa tun daga gidanta. Masana suna ganin asalin maruka kudu maso gabashin Asiya ne, kuma can take da maƙiya masu ƙarfi. Sai IITA ta kawo wasu ƙananan zanzaro iri 2 daga Taiwan, ta yi kiwonsu a Benin. Daga 2016 aka fara sakin su a Benin da Burkina Faso, daga baya a Nijar da Najeriya. A kudu an sake su har a kan itatuwan dajin da maruka ke rani. Dabarar ita ce, in an rage ta a can, kaɗan za su iso nan. Ba don an san hanyarta ba, da wannan dabara ba ta zo wa kowa ba.

Na uku, iri. A watan Disamba na 2019 Najeriya ta fitar da wani wake mai suna SAMPEA 20-T, daga cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya. An sarrafa halittarsa yadda in maruka ta ci sai ta mutu. Amma ba ya hana darɓa da sauran ƙwari masu tsotso.

Murzuna ma ba a bar ta ba. Daga 2006, INRAN da takwarorinta na Mali da Burkina Faso suka yaɗa wata dabara. Ana sa hatsi da wasu tsutsotsi da macen wani ɗan zanzaro a cikin ƴar jakar algarara. Ana rarraba misalin jaka 15 a kewayen gari. Zanzaron ya hayayyafa a ciki, ya fito ya bi zangarniya yana kashe murzuna. Amma sai an ajiye jakar a kan lokaci, sa'ad da hatsi ya fitar da kai, tsutsa ta fara. Nan ma ƙirga ce ke faɗin ranar.

SABUWAR BAƘUWA

Tarihi bai ƙare ba. A watan Janairu na 2016 aka ga wata sabuwar tsutsa a gonakin masara a kudancin Najeriya. Daga nahiyar Amurka ta fito. Uwarta ma faɗa-wuta ce: tana iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya. Cikin shekara 2 ta bazu kusan duk ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, har da Nijar. Tana cin masara, tana taɓa dawa. Tana shiga cikin zuciyar tsiro ta yayyaga ganye.

Ku da kuka koyi baƙaƙe, ga alamarta: a goshinta akwai zane kamar harafin Y a kife, a kusa da wutsiyarta kuma ɗigo 4. A 2018 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da wata hanya ta rubuta ƙirgar wannan tsutsa a wayar hannu, a aika cibiya. Kayan aiki sun canza, amma aikin yana nan yadda yake tun zamanin fitilar Tarna: a duba, a ƙirga, a rubuta.

NAMU AIKIN

To jama'a, ba kowane gari ke da fitila da keji ba. Amma kowane aji na yaƙi da jahilci yana da littafi da alƙalami. Ga yadda za mu yi.

A ware littafi guda, a rubuta a bayansa: LITTAFIN WAKE. A shafin farko a rubuta ranar ruwan shuka, da ranar da aka shuka wake, da sunan irin, da ranar da aka ga furen farko.

Daga ranar furen farko, sau 2 a mako, da sassafe, mutum ya ratsa gona daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya tsinki fure 20 daga wurare dabam-dabam, kada ya tsaya a bakin gona kaɗai. Ya buɗe kowane fure ya duba. Sai ya ja layi 4 a littafi: kwanan wata, an yi ruwa ko ba a yi ba, fure nawa aka buɗe, tsutsa nawa aka gani. In babu, ya rubuta 0.

In adadi ya fara hawa, kada a jira. A kai littafin wurin malamin gona ko birgadiye, a yi shawara. A kuma sanar da maƙwabta. Garin da ke kudu ya buga waya ga na arewa da shi, tun da mun san ta inda baƙuwar ke shigowa. Mutanen Ɗan Saga, cikin gundumar Agiye, sun yi suna wajen kafa kwamitin gari mai tsaron itatuwan gona. Abin da aka yi don itace, ana iya yin sa don wake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In kaka ta yi, a rubuta buhu ko tiya nawa aka samu. Kada a yar da littafin, kada a ba yara su yaga. Baɗi a ci gaba a cikinsa. Bayan shekara 3, garinku zai san makon da ya kamata ya buɗe ido, da irin waken da ya fi tsere wa tsutsa a ƙasarku. Kai yana mantuwa, ya haɗa bara da bara waccan. Takarda ba ta haɗawa.

Dattijon nan na Gazawa ya tambaye ni daga baya: "Malam, ashe karatun nan har gona yake zuwa?" Na ce: "Baba, ai can ya fi amfani."

Ga tambayoyin da za ku tattauna a aji tare da malaminku:

1. Mene ne bambancin murzuna da maruka wajen inda suke yin rani?
2. Me ya sa ake rubuta sifiri ranar da ba a ga tsutsa ba?
3. A wane lokaci ya kamata a yi wa wake feshi, kuma me ya sa?
4. A garinku, wa zai riƙe littafin wake, kuma gonar wa za a fara dubawa?

Nan za mu dakata. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana amfanin gonarmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.